Ƙaron Baba na Race Course

A shekarar 2015, da aka tashi 'yan kasuwar Kejetia don a sake gina ta, da yawansu Race Course aka kai su, can wajen Bantama. Kawuna na cikinsu, ni kuma ina tsare masa kayan turare. Rumfarmu tana jikin ta wani dattijo mai ƙaro, kowa Baba yake ce masa.

Baba ba ya auna wa mutum ƙaro sai ya ji aikin da za a yi da shi. In malamin Zango ne mai haɗa tawada, ko mai wankin hula, sai ya ɗebo masa na dakwara, irin wanda ake samu a Borno da Yobe, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi. Wannan da ya kwana a ruwa ya narke. Shi ke riƙe baƙin tawada a jikin allo, shi ke sa hula ta tsaya.

Na maje kuwa ko mako ya yi a ruwa yana nan daram. "Yaro, wannan wuta yake ji," in ji shi. Don haka shi ne na toshe tsaga da kare itace daga laima, a garin da ke da damina biyu a shekara. Ɓarɓashinsa kuma a zuba a garwashi a turara kaya.

Wata rana wata mata ta kawo ƙwaryar furar mahaifiyarta, ta tsage daga baki har kusan gindi. Sabuwar roba ta fi gyaran araha, amma Baba bai ce mata haka ba, kuma har yau ina ganin girmansa a kan wannan. Ya huda gefe da gefen tsagar da basilla, ya ɗinke da zare. Sannan ya ɗora ƙaron maje a ɗan kasko har ya yi ruwa-ruwa kamar zuma, ƙamshi ya cika rumfar.

"Riƙe min nan, kada ka motsa."

Ya bi ɗinkin ta waje da tsinke, yana hurawa, yana dannawa da babban yatsa da ya jiƙa. Ya gargaɗe ta: ban da ruwan zafi, ban da shanya a rana.

Ran Juma'a ta aiko jikarta da fura a cikin ƙwaryar, muka sha mu uku.