Tarhon Baba a Ƙasar Ingila

A cikin kayan da muka ɗaura sa'ad da za mu bar Jos zuwa Ingila a watan Oktoba 2023, akwai abu guda da ya jawo gardama tsakaninmu da uwargida. Kowace jaka ba za ta wuce kilo 23 ba, ga daddawa, ga kuka, ga yaji, ga littattafan yara, amma muka dāge sai an sami wurin tsohon tarhon Baba. Uwargida ta ce, "Malam, ƙasar da za mu, tarho ne ba su da shi?" Ba mu da amsar da za mu ba ta. Muka dai naɗe shi cikin tsohon zane, muka cusa shi tsakanin rigunan sanyi.

Bari mu ba masu karatu asalin wannan tarho. Ƙanen mahaifinmu ya je karatun tauhidi a Amurka, da ya dawo a 1996 ya kawo wa wansa shi tsaraba. Fari ne, mai maɓallai, da na'urar amsa kira a jikinsa, wadda take da ƙananan kaset biyu, ko wanne bai kai kwalin ashana ba. Ɗaya na gaisuwar maigida, ɗaya na ɗaukar saƙon mai kira. Baba ya yi aikin bishara shekaru da yawa a ƙauyuka kafin ya zauna a Jos, bai taɓa tsammani zai ga tarho a ɗakinsa ba. A unguwarmu kuwa gidaje kaɗan ne suke da layi. Maƙwabta sukan ba 'ya'yansu da suke Legas ko Kano lambarmu, mai farawa da 073, su zo su zauna a falo suna jira. Mu yara mu ne 'yan aike, a guje za mu je mu ce wa wance ta zo, ɗanta zai sāke kira bayan minti goma. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, 'yan jiran suka yi ta raguwa, har Baba ya ga ba amfanin biyan kuɗin layi. Aka sa tarhon cikin akwati. Baba ya rasu a 2011. Muna da hotunansa, muna da Littafi Mai Tsarki nasa da ya cika da zane-zanen jan biro, amma muryarsa ba mu da ita ko'ina sai a wannan ɗan kaset. Dalilin da muka kāsa faɗa wa uwargida ke nan.

Ita ce ta sami aikin jinya a wani asibiti a Manchesta, mu kuwa bayan 'yan watanni muka sami aikin taimakon malami a wata makarantar firamare ta ekklesiya. Wanda ya yi shekara goma sha takwas yana riƙe da aji nasa na kansa, ya koma mai raba fensir da share allo, sai haƙuri, amma wannan labarin wata rana ne. Abin da ya sa muka nemi layin gida shi ne autanmu. Shekararsa goma, yakan riga kowa dawowa daga makaranta, ba mu kuwa yarda mu damƙa masa wayar hannu tukuna ba. Muka ce to, ga tarhon kakansa.

Ran nan da maraice muka fito da shi. Igiya biyu gare shi, ta layi da ta wuta. Ta layin ba ta shiga ramin da yake bango ba, gama kanta ƙarami ne, ramin kuwa mai faɗi. Muka ce a bar wannan tukuna, a fara jin muryar Baba. Ita ma ta wutar haƙoranta biyu ne siraran fale-fale irin na Amurka, soket ɗin Ingila kuwa mai rami uku ne kamar namu na gida. Muka aiki babbar 'yarmu kanti ta sayo adafta irin ta matafiya. Muka jona, muka kunna. Jan fitilar tarhon ta haska sau ɗaya da ƙarfi, muka ji ɗan ƙara "fus", sai warin ƙonannen roba ya cika ɗakin.

Ba wanda ya yi magana. A daidai wannan lokaci muka tuna da wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyi da yake zama ƙarƙashin tebur a falon Baba, yana ɗan gunji dare da rana, wanda Mama takan hana mu ɗora ƙafa a kai. Taransifoma ce mai rage ƙarfin wuta. Lantarkin gida a Amurka bolt 120 ne, na Najeriya da na Ingila kuwa 230. Adaftar matafiya siffar haƙora kaɗai take sākewa, ba ruwanta da ƙarfin wuta. Abin da ya ruɗe mu shi ne cajar wayar hannu da ta kwamfuta na yanzu, yawancinsu an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, duk ƙasar da ka je sai ka jona kawai. Na Baba an rubuta 120 ɓaro-ɓaro. Mu da muka yi shekaru muna ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, ba mu juya abin mun duba bayansa ba. Daren nan ba mu yi barcin kirki ba.

Ranar Lahadi bayan sujada, wurin shan shayi, muka ba wani dattijo Bature labari, don dai a sami abin hira. Ashe tsohon ma'aikacin tarho ne, ya yi ƙuruciyarsa yana hawan turakun waya. Idonsa ya yi haske kamar an ba yaro alewa. Ran Talata sai ga shi a ƙofarmu da jakar kayan aiki. Abin da ya fara yi ya ba mu kunya, ya buɗe murfi ya zare kaset ɗin biyu ya miƙa wa uwargida, ya ce ta ajiye su nesa da mu duka. Ya ce wuta ba ta shafe abin da yake kan kaset, abin tsoro shi ne tsohuwar na'ura ta tauna shi. Sa'an nan ya gwada tarhon da ma'auninsa, ya ce Allah ya taimake mu, ƙaramar taransifomar da take kan igiyar wuta ita ce ta ƙone, ta mutu kafin ɓarnar ta kai ciki. Tana mai da 120 zuwa bolt 9 ne, don haka abin da ake bukata wata ce mai karɓar 230 ta ba da 9 ɗin. Ya tafi da tarhon gida mako biyu. Robar da take juya kaset ta narke don tsufa ta zama kamar kwalta, ya sāke ta. Ya kuma kwafe muryar cikin kwamfuta kafin ya yarda a mai da kaset wurinsa.

Batun layi ya fi ba mu mamaki. Ramin nan na bango da muka yi ta fama da shi, ya ce mu manta da shi, matacce ne. Tun Satumba 2023 aka daina ba sababbin masu nema layi irin na dā a Birtaniya, ana mai da kowa kan intanet. Da farko an ce za a rufe tsohon tsarin gaba ɗaya a Disamba 2025, daga baya a 2024 kamfanin BT ya ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen Janairu 2027. Tarhon gida yanzu bayan akwatin intanet ake jona shi. Can ma ramin irin na Ingila ne, wanda suka fara amfani da shi a 1981, kan igiyarmu kuwa irin na Amurka ne da ake kira RJ11. Adafta ta fari da ya sa, shiru, ko ɗuriyar layi babu. Ya yi dariya ya ce ya san za a rina. Amurkawa wayoyi biyu na tsakiya suke aiki da su, Ingila kuwa na 2 da na 5, adafta kuma ba duka aka haɗa su iri ɗaya ba. Ya sa ta biyu, muka ɗaga, sai ga ɗuriya.

Akwai gargaɗinsa guda biyu da ya kamata mu isar ga 'yan'uwa masu shirin ƙaura. Ya tambaye mu ko muna da tarho marar igiya daga Amurka, irin wanda ake yawo da shi cikin gida. Muka ce babu. Ya ce madalla, gama irin wannan ko an gyara masa wuta doka ta hana aiki da shi a nan. Na Turai suna magana tsakanin megahaz 1880 da 1900, na Amurka kuwa 1920 zuwa 1930, wurin da a nan aka ba kamfanonin wayar hannu, sai ka dami maƙwabta ba ka sani ba. Na biyun shi ne ya sa muka yi murmushi. Ya ce in aka ɗauke wuta, tarhon zai mutu tare da akwatin intanet, ko 999 ba za mu iya kira ba, saboda haka kada gidan ya rasa wayar hannu mai caji. Layin dā daga ofishin tarho yake samun wutarsa, wajen bolt 50, ta cikin wayar kanta. Muka ce masa wannan kam mun sani, sau nawa muka amsa kira a Jos da fitilar kwai a hannu. A ganinmu a nan an ci baya, ko da yake ba a cika ɗauke wuta a Manchesta ba.

Da aka gama haɗa kome, muka taru mu biyar, dattijon na shida, aka danna maɓalli. Kaset ya juya, aka ji tari, sa'an nan muryar Baba, a hankali kamar yana karanta sanarwa a majami'a: "Sannunku. Nan gidan mai bishara ne. Ba ma nan yanzu. In kun ji ƙara, ku faɗi sunanku da abin da ya kawo ku. Allah ya ba mu alheri." Ya maimaita da Turanci, kana aka ji yana tambayar wani a gefe, "To, ina ake kashewa?" Daƙiƙa ashirin ne duka-duka. Autan, wanda aka haifa shekara biyu bayan rasuwar kakansa, ya ce a sāke. Aka sāke sau huɗu.

Uwargida ta ce a ɗauki sabuwar gaisuwa, domin in asibiti ko makaranta suka kira, za su ruɗe. Gaskiyarta ce. Muka ce to, za a yi ran Asabar. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce.

Kuskuren da muka yi shi ne ba mu gaya wa Mama ba. Mun aika mata da sabuwar lambar ta hannun ƙanwarmu, muka ce ta ajiye saboda ko-ta-kwana, tun da kullum ta WhatsApp muke gaisawa. Wata Laraba cikin Fabrairu ta ce wa jikarta ta buga mata lambar ta gwada. Ƙarfe huɗu ne a Jos, ta ɗauka yara sun dawo, ba ta san a lokacin sanyi agogon Ingila yana bayan namu da awa ɗaya ba. Ba kowa a gida. Tarhon ya yi ƙara huɗu, sai mijinta da ta binne shekara goma sha uku da suka wuce ya amsa ya ce mata sannunku.

Da muka dawo muka tarar jan fitila tana ƙyaftawa. Muka danna. Babu magana, sai numfashi, da muryar jikar daga nesa tana cewa, "Kaka, mene ne? Kaka?" Jikinmu ya yi sanyi. Muka kira ta nan take muna ba da haƙuri, muna bayanin kaset da taransifoma da dattijon majami'a, muka ce gobe-goben nan za a cire. Ta bar mu muka gama surutunmu. Sa'an nan ta ce, "Wa ya ce ka cire?" Muka yi shiru. Ta ce tarin nan, ran da aka ɗauki maganar mura yake yi, ita ce ma ta hana shi fita wa'azi. Wanda yake tambaya ina ake kashewa kuwa, ita yake tambaya, ta ce masa ita ina ta sani.

Muka tuna mata cewa kiran layin gida daga Najeriya yana cin kati sosai, muka ce za mu tura muryar cikin wayar ƙanwarmu ta riƙa ji kyauta duk sa'ad da ta so. Mun kuwa tura. Ta ce ta gode, ta ji, amma ba ɗaya ba ne, gama a wancan ita ce take kira shi kuma ya ɗauka. Kafin mu yi sallama ta ce, "Kai, gaya mini, wace rana ce da wane lokaci ba kowa a gidan?" Muka ce Laraba, daga tara na safe zuwa uku da rabi, agogonmu. Ta sa jikar ta rubuta mata a bayan kalanda.