Kyautar Sarki ga Barde da Rabon Baburan Siyasa

Maganar da ke yawo a Ikara da Maƙarfi da Kudan, cewa rabon babura da buhunan shinkafa ga matasan da ke bin 'yan siyasa gado ne daga sarakunan Zazzau, magana ce da ta ɓata wa mai wannan shafi rai, kuma masu bibiyarsa sun san ya daɗe yana kuka da ita.

Gaskiya ne sarakunan Zazzau na ƙarni na 19 sun riƙa saka wa mayaƙansu da doki da riga da rawani da alkyabba, wanda ya yi fice kuma a naɗa shi sarauta a ba shi garuruwan da zai riƙa karɓar harajinsu, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960. Wannan dangantaka ita ake kira barantaka, wato mutum ya miƙa wuya ga ubangida, shi kuma ubangidan ya ɗauki nauyin cinsa da suturarsa da aurensa, ya kuma tsaya masa ranar da ya shiga uku. Haka Tacitus, marubucin Rum, ya faɗa a shekarar 98 miladiyya game da ƙabilun Jamus, inda mayaƙi ke jiran doki da mashi daga shugabansa, shugaban kuma yake jin kunyar a fi shi jarunta a fagen fama. Ke nan nauyin yana wuyan ɓangarorin biyu, kuma wannan nauyin ne babu shi a rabon yau, domin yaron da aka ba babur ya tare hanya ranar zaɓe, idan aka kama shi ko aka sare shi, mahaifiyarsa ce kaɗai ke zarya tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda.

Za a ce mai rubutun yana yabon zamanin da ya wuce, alhali ba haka ba ne, domin yawancin waccan dukiya ganima ce, a cikinta har da bayin da aka kamo daga kudancin ƙasar Zazzau. Za a kuma ce talaka ba ya ƙin kyauta, kuma ba wanda ya ce ya ƙi, sai dai Musulmi ya san kyautar da aka ɗaura wa sharaɗin cutar da ɗan'uwa ba alheri ba ce. Manomin rake a Maƙarfi da mai tumatir a Ikara taki suke nema a kan kari da hanyar fitar da amfani, waɗanda haƙƙinsu ne daga baitulmali ko sun yi wa wani rakiya ko ba su yi ba.