Teburin Jane Austen

Tsofaffin 'yan ƙungiya za su tuna cewa na shekara wajen goma ina faɗa a duk taron wata cewa littafina yana nan tafe, ɗakin rubutu kawai nake jira in samu. Gidan haya muke, ciki da falo, ga yara biyar, ga tulin takardun ɗalibai da nake kwasowa daga makaranta. Da wannan uzuri a bakina na tafi Ingila a 2019, lokacin da aka tura mu wani ɗan gajeren kwas na malaman Turanci.

Ran wata Asabar na hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa Alton, daga nan na taka zuwa ƙauyen Chawton, inda Jane Austen ta zauna daga 1809 zuwa 1817. Gidan na jan bulo ne, a bakin hanya. Wanta Edward ne ya ba su shi, ita da mahaifiyarsu da yayarta Cassandra da wata ƙawarsu, Martha Lloyd.

Na shiga ina raba ido, ina neman ɗakin karatu mai kantoci cike da littattafai. Sai aka nuna mini wani ɗan tebur a ɗakin cin abinci, jikin taga, mai kusurwa 12, faɗinsa bai fi na babban faranti ba. A gidan nan ta gyara Pride and Prejudice, wanda ya fito a 1813, ta kuma rubuta Mansfield Park da Emma da Persuasion. Ɗan wanta ya ba da labarin cewa a ƙananan takardu take rubutu, don ta iya rufe su da sauri. Akwai ma wata ƙofa mai ƙara da ta hana a gyara, domin ita ke sanar da ita wani na tafe.

Gaskiya kunya ta kama ni, har na shiga laluben abin kare kai. Na kuwa samu: Cassandra da Martha ne suka ɗauke mata yawancin aikin gida, nata shi ne karin kumallo. Ba ta taɓa duba jarrabawar aji mai ɗalibi tamanin ba. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, har sai da na karanta cewa ta rasu a 1817 tana da shekara 41. Shekaruna ke nan cif a ranar.

Da na dawo, na sa kafinta ya yi mini ƙaramin tebur, na ajiye shi bayan ƙofar falo. Bayan sallar Asuba nake zama, kafin yara su tashi. Da rana kuwa uwargida ce ke ɗora fulas ɗin shayi a kai. Ina babi na bakwai.