Kundi da Wayar Hannu

Malaman zaure na da ba su rabuwa da kundi. A cikinsa malami yake adana fa'idar da ya samo wajen wani malami, da baitin da ya faɗo masa cikin dare, da ranar da aka yi masa haihuwa, sa'an nan ya sa shi a gafaka ya rataye inda ruwa ba zai kai ba. Mu da muka tashi a Kafanchan da sha'awar rubuce-rubuce, wannan al'ada muka gada, sai dai namu kundin ɗan littafin makaranta ne da biro, abin da muke zubawa a ciki kuwa maganganun mutane ne.

Garin namu ba ya rasa abin rubutawa. Tun da layin dogo ya iso a 1927, ya mayar da wurin mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, harsuna suke ta haɗuwa a kasuwa ɗaya. Fantswam da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Kaninkon, da Hausawa da Fulanin Jama'a, da Ibo da Yarabawan da aikin jirgi ya kawo, duk da Hausa suke ciniki, kowa kuma ya zuba mata gishirin harshensa. Mukan ji salon magana da ko Bargery bai sa a ƙamusunsa na 1934 ba, in ba mu rubuta nan take ba, kafin mu isa gida ya ɓace.

Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma ta zama mai ɗaukar hoto da murya, sai gardama ta tashi a tsakaninmu, har yau ba ta kwanta ba. Masu goyon bayan takarda suna da hujja. Littafi ba ya neman caji, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta kan yi kwanaki ba ta zo ba. Biro ba ya gardama da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, ko layin da ake ja a ƙarƙashin wasu wasulan Tyap, alhali waya takan gyara wa mutum kalmar da bai ce a gyara ba. Mun kuma lura cewa tsohuwa mai sayar da citta takan saki baki in ta ga ana rubutu, amma da an ɗaga waya sai ta gyara ɗankwali ta yi shiru, domin ba ta san inda hotonta zai kwana ba. Haka nan kalmar da muka soke a takarda tana nan a ƙarƙashin layi, bayan shekara biyar mukan dawo mu ga ashe ita ce ta fi dacewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma takarda tana da maƙiya, mun kuwa san su ido da ido. Damunar kudancin Kaduna doguwa ce, ɗanshi yakan manne shafuka, gara ta ƙarasa sauran. Akwai kuma wuta. Rikicin Maris na 1987 a garin nan ya faro, kuma a Afrilun 2011, bayan zaɓe, kasuwar Kafanchan ta ƙone. Abin da aka rubuta a kwafi ɗaya, in gobara ta same shi, babu wanda zai iya dawo da shi. Ban da wannan, takarda kurma ce. In muka rubuta "kuka", mai karatu bai san ko itaciya muke nufi ko zubar da hawaye ba, sai jimla ta taimake shi, domin karin sauti ba ya fitowa a rubutunmu na yau da kullum. Waya kuwa tana riƙe muryar tsoho da tarinsa da dariyarsa. Ita ce kuma ke fitar da abu daga aljihun mutum ɗaya zuwa ga jama'a, kamar yadda masu kishin Tyap suka sami Wikipedia a harshensu a 2022.

Ita ma wayar ba ta da alƙawari. Ana fizge ta a tashar mota, tana faɗawa ruwa, katin ajiya ya lalace ba sallama. A ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, wanda ya ajiye rubutunsa a intanet kaɗai ya zama mai rumbu ba mabuɗi. Babban aibinta kuwa shi ne sauƙi: mutum ya tara muryoyi ɗari bai sake sauraron ko ɗaya ba, har ya manta wane ne ya yi maganar, a ina, kuma yaushe.

Wannan mantuwar ita ce abin tsoro, kuma muna da darasinta kusa da gida. A ƙasar Ham, a ƙauyen Nok, masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Aikin ya haura shekara dubu biyu bai narke ba, amma babu wanda ya san sunan da maginan suke kiran kansu da shi, ko harshen da suke yi. Sunan ƙauyen aka ara musu.

Saboda haka muka daina neman wanda ya ci gardama, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tunani mukan fara shi a takarda, murya mu ɗauke ta a waya bayan mun nemi izinin mai ita. Ƙarshen mako mu zauna mu saurara, mu kwafe, mu sa wuri da rana da harshe a kan kowane shafi, mu ɗauki hoton shafukan mu aika wa abokinmu da ke Zariya. Aikin yana cin lokaci, kuma gaggawa ta kama mu, domin tsofaffin da suka ga jirgin gawayi yana tsayawa a tashar Kafanchan kaɗan ne suka rage, kowace shekara kuma sai mun raka wani makwancinsa.