Wasiƙa daga Landan: Inda hannu ke kaiwa

Mu nan lafiya lau, sai sanyi da aikin bincike da ya hana ni rubutu kwana biyu.

Yaya, ka tambayi inda nake zuwa ranar Asabar. To ga amsa. Akwai wani dattijo Bature a unguwarmu da ke haɗa jirgin sama a garejin gidansa, ni kuma ina miƙa masa sifana. Ba wasa nake ba. A Ingila doka ta yarda, muddin sufeton ƙungiyar Light Aircraft Association yana duba aikin mataki-mataki. Jirgin ƙirar Europa ne mai kujera biyu, injinsa Rotax 914 mai turbo, wato na'urar da ke dura wa inji iska don kada ƙarfinsa ya ragu idan an yi sama.

Makon jiya muka zo kan jera abubuwan sarrafa inji a wurin zaman matuƙi. Totur ɗin wannan injin yana da wata gaɓa. Kafin ka kai ta kana samun ƙarfin doki 100, idan ka tura ka wuce ta sai 115, amma na minti 5 kawai. Dole hannu ya ji gaɓar ba sai ido ya duba ba. Haka kuma famfunan mansa biyu duk na lantarki ne, don haka ya sa makunnin na biyun dab da totur.

Da muka zo kan makullin mai sai na yi karambani. Na ce a kai shi bayan kujera, bututu zai yi gajarta, wuri kuma ya yi fili. Dattijon ya ajiye shayinsa ya ba ni labarin mawaƙin Amurka John Denver, wanda ya rasu a 1997 cikin jirgin da wani ya haɗa a gida. Mai haɗawar ya kai makullin sauya tanki bayan kafaɗar hagun matuƙi. Masu bincike sun ce da alama wajen juyawa ya kai hannu ne ƙafarsa ta danna fedar karkata jirgin, ya faɗa teku a Kalifoniya.

Daga nan ya zaunar da ni a kujerar, ya ɗaure ni da bel, ya ce in rufe ido. Yana kiran suna ina laluba: totur, famfo, cok. Da ya ce makullin mai, ko kusa hannuna bai kai bayan kujerar ba. Kunya ta kama ni, ni da ke karatun digiri na uku. Yanzu makullin yana tsakanin kujerun, inda hannu ke sauka da kansa.

Na tuna marigayi Baba da babbar motarsa, yadda ba ya barin kowa ya sauya wa ko tocilansa wuri. Lokacin muna ɗauka faɗa ne kawai. Allah ya jiƙansa.

Dattijon ya yi mini alkawarin kujera idan jirgin ya samu takardar izinin tashi, na kuma amsa. Yaya, don Allah kai za ka gaya wa Inna, a hankali, bayan ta ci abinci. A sa mu a addu'a.

Sai kun ji ni. A gaida yara.