Akwatin da ke riƙe fayilolin shagona: abin da na sani game da NAS



Tambayar da aka fi yi min a inbos ita ce: "Oga, wayata ta mutu, za a iya ciro hotunan ciki?" Amsar ba daɗi, amma a wayoyin yanzu sau da yawa ba za a iya ba. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle bayanan cikinsu suke, makullin kuma a ɗaure yake da ƙwaƙwalwar wayar. Ko na ɗago memorin daga kan fanel na ɗora a na'ura, shirme kawai zan gani. Sai dai a tayar da fanel ɗin, in Allah Ya sa ya tashi. Shi ya sa yau ba gyaran waya za mu yi ba, maganar inda ya kamata hotunanka da takardunka su riƙa kwana za mu yi.

Idan kai kaɗai ne, Google ta ba ka 15GB kyauta. Amma ka sani Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma ta shigo cikin lissafin. To ina ga mai shagon hoto, ko makaranta, ko ofis mai ma'aikata goma? Nan ne NAS yake shigowa.

NAS ƙaramar kwamfuta ce da ba ta da aiki sai ajiya. A cikinta akwai faifan ajiya, wato hadiski, biyu ko huɗu ko fiye. Ana jona ta da rauta ta waya, duk wanda ke kan wannan netwok ɗin, da waya ko laftof, zai ga foldojin da aka ba shi izini. Bankuna da manyan kamfanoni ma haka suke yi, sai dai nasu durowa ce guda cike da faifai, irin na NetApp da Dell, a ɗaki mai AC. Namu na talaka shi ne Synology ko QNAP, duka 'yan ƙasar Taiwan, ko kuma ka haɗa naka da kanka.

Ni haɗawa na yi. Tsohuwar kwamfutar tebur ce ta hannu, na sa mata OpenMediaVault, wadda kyauta ce, da faifai biyu masu 4TB. Dalilina mai sauƙi ne: fayilolin filashin. Na Samsung guda ɗaya sai ya haura 5GB, ga na Tecno da Infinix da Itel kala-kala. Kwamfuta uku gare mu a shago, in kowa zai sauke nasa, data kaɗai sai ta cinye ribar wata. Yanzu sau ɗaya ake saukewa, kowa ya ɗauka a akwati.

Abu na farko da manhajar za ta tambaye ka shi ne RAID, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sunan ya fito ne daga wata takarda da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 1988. Ma'anarsa dai a haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda.

RAID 0 yana raba kowane fayil gida biyu, rabi nan rabi can. Yana da gudu, kuma 4TB biyu za su ba ka 8TB. Amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi. Ban taɓa saita wa kowa shi ba, ko ya roƙe ni. RAID 1 kuwa madubi ne, abin da aka rubuta a wannan shi ake rubutawa a wancan. 4TB biyu, 4TB za ka samu, a allo ma wajen 3.6 za ka gani, kar ka ce an cuce ka, bambancin lissafi ne. Shi nake amfani da shi.

RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku. Ka ɗauka an ce maka 3 da 5 da wata lamba sun haɗu sun ba da 12, ai ka san 4 ce ta ɓace. Kusan haka yake dawo da abin da ke kan faifan da ya mutu. Masu 4TB guda huɗu za su ba ka 12TB, ɗaya zai iya mutuwa ba ka rasa komai ba. RAID 6 zai ba ka 8TB a irin wannan haɗin, amma yana jure mutuwar biyu.

Yanzu ka saurara da kyau. Wani mai shagon hoto ya taɓa kira na, faifai huɗu gare shi a RAID 5. Ɗaya ya mutu tun da daɗewa, akwatin yana ta ƙara, yaron shagon ya ga ƙarar ta dame shi ya shiga ya kashe ta. Aiki bai tsaya ba, don haka ba wanda ya kula. Ana tsakiyar lokacin bukukuwa na biyu ya bi shi. Hotunan ɗaurin aure da kamu da dina na mutanen da suka biya kuɗi, wasu ko gani ba su yi ba. Wallahi na daɗe ban ga babba ya zauna a ƙasa haka ba. Ba abin da na iya yi masa sai nuna masa masu aikin ciro bayanai, kuɗinsu kuma ya ninka na faifan da ya kamata a canza.

Abin da ya sa na biyu yake saurin bin na farko: galibi rana ɗaya aka saye su, aiki ɗaya suka sha, zafi ɗaya. Sannan idan ka sa sabon faifai, sai akwatin ya karanta sauran daga farko har ƙarshe kafin ya cike giɓin, awanni da yawa, wani lokaci ya kwana ya yini. A wannan wahalar ce mai rauni yake faɗuwa. Saboda haka ranar da za ka kafa akwati, ka saita masa imel ɗin da zai turo maka saƙo in faifai ya fara ciwo, ka kuma gwada ka ga saƙon ya shigo wayarka.

Wajen sayen faifai ka nemi wanda aka yi don aikin dare da rana, kamar IronWolf na Seagate ko Red Plus na WD, ka tabbata CMR ne ba SMR ba. A 2020 an yi ta surutu a kan wannan, da aka gano wasu faifan NAS SMR ne, masu rarrafe idan ana cike giɓi. Na hannu kuma, kafin ka biya ka duba S.M.A.R.T. ɗinsa, zai gaya maka awa nawa ya yi yana aiki.

Sai matsalarmu ta nan gida, wuta. A ɗauke ana tsakiyar rubutu, a dawo da ita da ƙarfi, a tada janareta. UPS dole ne, kuma mai wayar USB, yadda in batir ya kusa ƙarewa zai gaya wa akwatin ya kashe kansa cikin ladabi. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, ni duk wata nake hure nawa, in na ga zafin faifai ya haura 45 hankalina ba ya kwanciya. Rauta kuma ka duba ramukanta: mai gigabit zai ba ka wajen 110MB a daƙiƙa, mai 100 kuwa da kyar 11.

Ɓangaren da na fi tsanantawa shi ne izini, don a nan amana take. Kafin in yi wa waya filashin, in mai ita ya yarda, nakan kwashe masa kayansa. A ciki akwai hotunan matan mutane, da katin shaida, da takardun asibiti. Wannan foldar ni kaɗai nake buɗe ta, kuma ranar da mai waya ya karɓi kayansa a gabansa nake gogewa. Yaran shago kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, foldar filashin kuma karantawa kawai za su iya, ba gogewa. Wani ya ji haushi ya ce ban yarda da shi ba. Na ce masa ko ni ba na aikin yau da kullum da asusun shugaba. Kai ma ka yi haka a ofis: mai kuɗi da foldarsa, sakatare da tasa, wanda ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar. Ka ba akwatin adireshin IP tsayayye, ka kashe SMB1, tsohuwar ƙofar da WannaCry ta bi a watan Mayun 2017.

Jona waya ba wuya. A Android ka sauke Cx File Explorer, ka zaɓi SMB, ka sa adireshin da sunanka. A iPhone manhajar Files tana yi tun daga iOS 13.

Za ka so ka shiga akwatin daga gida, na sani. Kar ka buɗe masa ƙofa a rauta, ka kashe UPnP ma, don shi yake buɗewa ba da saninka ba. A Janairun 2022 wata cuta mai suna DeadBolt ta bi akwatunan QNAP da aka bari a buɗe a intanet, ta kulle fayiloli ta nemi fansar bitkoyin 0.03. Ka sa Tailscale a akwatin da wayarka, daga ko'ina za ka shiga kamar kana shago, ko da layin waya kake.

Irin wannan cutar RAID ba ya kare ka daga ita, haka in yaro ya goge folda, madubi ne, a duka faifan take gogewa. Gobara ko ɓarawo kuwa da akwatin gaba ɗaya za su tafi. Don haka ake bin tsarin 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Nawa na wajen faifan USB ne. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci nake jona shi, in an dawo ya gama, in cire in kai gida. A gida nakan buɗe fayil biyu ko uku a laftof in ga sun buɗu, sannan in mayar da shi durowa sai wata Juma'ar.