Hanyoyi Uku da Muka Bi da Keke a Kan Duwatsun Filato

A taron iyaye da malamai na ƙarshen zangon da ya wuce, wata uwa ta miƙe ta yi mana tambaya. Ta ce, "Malam, bana ma za ku kwashi 'ya'yanmu ku shiga duwatsu da su a kan keke? In wani abu ya same su fa, wa zai amsa?" Ɗakin ya yi tsit. Mu malamai uku da muka saba yin wannan tafiya muka dubi juna, ba wanda ya yi saurin buɗe baki, gama tambayar tana da nauyi, uwar kuwa tana da gaskiyarta. Ba mu ba ta cikakkiyar amsa a ranar ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wa iyaye duka inda muke zuwa, da abin da ya taɓa samunmu a hanya, da abin da muka yanke.

Asalin tafiyar daga aji ne. Wata rana muna koyar da labarin ƙasa, muka tambayi yara ina ruwan Dilimi yake zuwa bayan ya ratsa Jos. A cikin yara wajen arba'in, waɗanda yawancinsu a Jos aka haife su, ba wanda ya sani. Ga shi kuwa sun iya zana taswirar Jihar Filato, sun kuma haddace cewa a 1976 aka kafa ta. Amma ba su san cewa ruwan da ke wucewa ta bayan gidansu yana gangarawa ƙasar Bauchi, ya bi ta Jama'are, ya shiga kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi ba. Ba su san kogin Kaduna da na Gongola duk daga duwatsun nan suke tasowa ba. Muka ce gani ya kori ji. Kuɗin haya mota ba mu da shi, amma kusan kowane gida akwai keke, ko tsohon Raleigh na kaka, ko Phoenix, ko ɗan na gwanjo mai giya. Da su muka soma.

Hanya ta fari ita ce ta Duwatsun Shere, gabas da Jos, wajen kilomita 10 daga gari, ta Lamingo. Wannan ta sabon shiga ce, ana zuwa a dawo cikin yini ɗaya. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. Ba a kai keke can sama. Mukan bar kekuna a gindin dutse a hannun mutum ɗaya, sauran mu hau da ƙafa. A nan ne yara sukan gane da jikinsu abin da muka rubuta musu a allo, watau duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Wanda ya yi wa uwarsa gardama a kan ɗaukar rigar sanyi, a nan yake tuna ta. Ƙasar mutanen Afizere ce, mukan kuma koya wa yara su gai da duk wanda suka tarar a gona kafin su wuce.

Hanya ta biyu ta fi tsawo. Daga Jos a bi ta Bukuru, kamar kilomita 15, a kai Mararrabar Jama'a, a ɗauki hanyar Riyom, a gangara Hawan Kibo har zuwa inda ruwan Assop yake zubowa daga kan dutse, fiye da kilomita 60 daga Jos. Tun daga Bukuru yara za su fara ganin tulin jar ƙasa da manyan kududdufai a gefen hanya. Ragowar haƙar kuza ke nan. Saboda kuzar nan ce aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka ja baya, ramukan suka zauna cike da ruwa. Manoma suna noman rani da shi, amma ba mu taɓa barin yaro ya shiga wanka ba, gama bakin ramin a tsaye yake, zurfinsa kuma ba a ganewa daga sama. Wanda yake so yakan ratse zuwa Vom, inda asibitin mishan yake tun 1922, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924. Kusa da Riyom kuma akwai duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su.

A wannan hanya ce abin da ba za mu manta ba ya faru. Hutun damina ne, muna tare da yara tara. Al'adarmu ce mu duba kowane keke kafin a tashi, amma wani yaro ya makara, mu kuwa muna sauri kada rana ta yi mana, sai muka ce masa ya shiga layi kawai. Muna kaiwa Hawan Kibo aka soma yayyafi. Wanda ya san wurin ya san gangara ce mai tsawo, ga kwana bayan kwana, ga manyan motoci suna saukowa da kaya. Birkin keke irin namu roba ce take matse ƙarfen ƙafa. In ƙarfen ya jiƙe, robar takan yi santsi, in kuma ta riga ta cinye, to, babu abin da zai kama. Ta yaron nan ta cinye sarai. Muka ji yana kira, "Malam! Malam! Ba ya tsayawa!" Ya wuce mu kamar iska. Allah ya ba shi hankali ya karkata zuwa gefen dutse maimakon tsakiyar titi, ya faɗa cikin kwata, hannunsa na hagu ya karye.

Wanda ya fara isa wurinsa ba mu ba ne. Wani dattijo Bafulatani ne da ke kiwo a gefen hanya. Ya sare itace biyu, ya yage gefen rawaninsa, ya ɗaure hannun, yana ce wa yaron, "Yi haƙuri, ɗana, kada ka motsa." Matan da ke sayar da tumatir a bakin titi suka tare mana wata a-kori-kura, direban ya kai mu asibiti, ya ƙi karɓar ko kwabo. Da yamma muka je gaban uban yaron. Tambaya ɗaya ya yi mana: "Malam, kun duba keken kafin ku tashi?" Muka ce, "Baba, ba mu duba ba. Laifinmu ne." Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce da mun yi masa ƙarya, da a ranar zai cire ɗansa daga makarantar. Hannun ya warke. Tun daga ranar ba mu ƙara barin yaro ya sauka Hawan Kibo a kan keke ba. Kowa yakan sauka ya tura, kome yawan gunaguni.

Hanya ta uku ita ce wadda muka fi ƙauna, ita ce kuma take sa mu baƙin ciki yanzu. Daga Mararrabar Jama'a a bi ta Heipang, inda filin jirgin sama yake, a wuce Barkin Ladi, a kai Mangu, sa'an nan Panyam, a hau zuwa Pankshin. Wajen kilomita 120 ke nan daga Jos. Kwana uku mukan yi, muna kwana a ɗakunan aji na makarantun da muka aika wa takarda tun da wuri. A kan wannan hanya yaro zai ratsa ƙasar Berom, ya shiga ta Mwaghavul, ya ƙare a ta Ngas, ya ji harshe yana sauyawa a bakin masu gaisuwa. Zai ga gonakin dankalin Turawa, wanda sanyin tudu ne ya sa yake yi a nan. Zai ga acca, da shingen ƙyarana kewaye da gidaje, da yadda mutanen dā suka jera duwatsu hawa-hawa a jikin tudu domin kada ruwan sama ya kwashe ƙasar noma. Daga Mangu akan ratse zuwa Gindiri, inda mishan ta kafa makaranta a 1934. A Panyam akwai tafkunan kiwon kifi, kusa da nan kuma ga tuddan Kerang, waɗanda a zamanin dā suka yi aman wuta. Daga maɓuɓɓugar wurin ake ɗura ruwan kwalba na Swan. Hawan Pankshin ba wasa ba ne. Mai keke marar giya turawa zai yi, ba kuwa abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Rabonmu da wannan hanya tare da yara tun kafin Yuni 2018, lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan Barkin Ladi aka yi hasarar rayuka da yawa. Muna cikin shawarar komawa, sai rikicin ƙasar Mangu ya tashi a 2023. A jajibirin Kirsimeti na shekarar kuma aka faɗa wa ƙauyuka a Bokkos da Barkin Ladi, mutane fiye da 100 suka mutu. Waɗansu wuraren da muka ji sunansu a rediyo, mun taɓa jingine kekunanmu a gindin itatuwansu, an ba mu kunun acca ba mu roƙa ba. Don haka da uwar nan ta yi tambayarta, mun san ba birki kaɗai take nufi ba.

To, ga abin da yake damunmu a gefe guda. Yaran da ke ajinmu yanzu duk an haife su ne bayan rikicin Jos na Satumba 2001. Sun tashi sun tarar gari a rabe, kowa ya san unguwar da ba ya shiga. Sunan Mangu ko Bokkos ba ya tuna musu dankali ko kasuwa, sai labarin mutuwa. Yaron da bai taɓa shan ruwa a hannun wanda ba danginsa ba, duk abin da aka faɗa masa a kan mutumin zai gaskata. Yaron nan da ya karye, yanzu magidanci ne. Ya gaya mana cewa duk ranar da ya ji ana yi wa Fulani kuɗin goro, yakan tuna da rawanin da aka yage dominsa. Bai ce babu mugaye ba, mu ma ba mu ce ba. Amma ya san abin da allo ba zai koya masa ba. Mota takan wuce ƙauye da gilashi a rufe. Mai keke kuwa dole ya yi sallama, dole ya roƙi ruwa, dole ya nemi mai faci.

Duk da haka ran ɗan mutum ba abin gwaji ba ne. Ga abin da muka yanke. Hanyar Pankshin mun ajiye ta tukuna, sai ranar da mutanen wuraren da kansu suka ce mana mu zo. Hawan Kibo ma mun bar shi. Bana Shere za mu je, in hali ya yi kuma mu kai Vom wata Asabar. Kafin ranar, ɗayanmu zai bi hanyar shi kaɗai, ya ga masu unguwa, ya sanar da 'yan sanda. In aka ce mana akwai ƙishin-ƙishin, mun fasa ke nan, ba gardama. Za mu tashi da ƙarfe 6 na safe, mu dawo kafin ƙarfe 4 na yamma. Lokacin rani za mu yi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, gama da damina ruwa da ƙanƙara sukan sauko a kan tudu ba sallama. Yara ba za su wuce goma ba, malami ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya, a jere ɗaya bayan ɗaya a gefen titi.

Ku kuma iyaye, ga naku aikin, ko ɗanku zai bi mu ko makaranta kawai yake zuwa da kekensa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, mun lura kekuna da yawa sun fito daga bayan ɗaki, waɗansu da robar birkin da ta shekara goma. Ku matsa birki ku tura keken, in ƙafar ta juya, a sake roba. Kuɗinta bai kai na kati a asibiti ba. Ku duba taya ko ta tsage, ku sa wa sarƙa mai, ku daidaita sirdi yadda ƙafar yaro za ta taɓa ƙasa. Ku koya masa ya riƙa matsa birki biyu tare, kaɗan-kaɗan, tun daga kan gangara, gama in ya damƙe na gaba shi kaɗai da ƙarfi, keken zai jefa shi ta kai. A kariya a ɗaure masa famfo, da faci da sholisho, da sifana, da gorar ruwa, da rigar sanyi. In ana iya samun hular kwano, a saya.

Wa zai amsa in wani abu ya faru? Mu ne, Mama. Mun taɓa tsayawa gaban uba muka amsa, mun san ɗacinsa, ba mu kuwa so mu ƙara. Ba mu yi wa kowa alkawarin cewa babu haɗari ba, kuma duk wanda ya hana ɗansa ba za mu ga laifinsa ba. Mun karanta wa uwar nan wannan takarda kafin mu aika da ita. Ta ce ɗanta zai je Shere, amma da sharaɗi ɗaya: ita da kanta za ta zo da asuba ta matsa birkin kowane keke, har da namu na malamai. Mun yarda.